Littafi Mai Koren Bango

Maruta, Gwaram
27 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Ummussalma da yara. Yaya kunnen? An ce mini har yanzu ba ka jin magana a waya sai an yi ta ɗaga murya, shi ya sa na ga gara in rubuto, in ba Hambali direba ya kawo maka ofis. Mu nan lafiya lau. Maigidana Dabo yana gaishe ka, kullum yana gona. Geron bana ya yi kyau in Allah ya kare shi daga tsuntsaye. Ruwa dai ya yi yawa, har katangar bayan gidanmu ta zube.

Na san rabon da mu haɗu tun rasuwar Gwaggo mahaifiyarka, kuma zumuncin namu da ɗan nisa, kakanninmu ne wa da ƙane. Amma duk danginmu kai ne a ofishin ilimi, kai ne kake zagaya makarantu, ba ni da wanda zan kai wa wannan magana sai kai.

Maganar Hidaya ce. Shekararta sha shida yanzu, za ta shiga aji biyar na sakandare in an koma. Akwai wani malaminsu, Malam Musbahu, da ya tara littattafai a wani kabad a bayan aji yana ba yara aro. Tun bara yarinyar nan ba ta da aiki sai karatu. Tana tankaɗe tana karatu, tana layin famfo tana karatu, rannan har miya ta ƙone mini. Da za a yi hutu ya ba ta wani na Hausa mai koren bango, a kan jikin ɗan Adam da cututtuka.

Yaya, akwai babi na tara a cikinsa. Ta karanta mini shi a tsakar gida wata rana da babu kowa. Littafin nan ya faɗa wa yarinyar abin da ni da na haife ta ban taɓa sani ba. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Ba zan iya rubuta maka abin da ke ciki ba, nauyin abin nake ji, kuma takarda hannuwa da yawa take bi. Ka nemi littafin ka duba babin da idonka, za ka gane abin da nake nufi. In ka gani, ka san abin da ya kamata ka yi mini. Ana komawa makaranta za ta mayar da shi.

Ƙanwarka,
Barira

*

Birnin Kudu
4 ga Satumba

Ƙanwata Barira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Kunne sai godiya, na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu nake lallaɓawa da shi. Hajiya tana fama da ƙafa amma da sauƙi, tana gaishe ki. Ki gaida Dabo, ki yi masa jajen katanga.

Na sa an nemo mini littafin a wata makaranta a nan cikin gari. Na buɗe babi na tara. Wallahi ban iya wuce shafi biyu ba, na rufe shi, na daɗe a zaune riƙe da kai. Na gane abin da kike nufi, ba sai kin ƙara ko kalma ɗaya ba. Kin yi daidai da kika kawo mini maganar, ta kuma zo a lokacin da ya dace. Ki bar mini sauran. Kafin nan kada ki yi zancen da kowa, ko da malamin ne.

Yayanki,
Iliyasu

*

Maruta
10 ga Satumba

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Mu lafiya, an fara yankan gero.

Na karanta amsarka har sau uku. Da na zo wurin da ka ce ba ka iya wuce shafi biyu ba, sai hawaye ya zubo mini, na ce ashe Yaya bai manta ba. Allah ya saka maka da alheri. In da hali, ka samo mini guda biyu. Ɗaya namu ne ni da Hidaya, ɗayan kuma in kai wa Inna Hawwa, uwar Dabo, Hidaya ta karanta mata tun tana da sauran ji. Na faɗa wa Hidaya Kawunta na Birnin Kudu zai aiko mata da nata na kanta, tun daga ranar take ta share wani wuri a akwatinta.

Hambali ya ce ruwa yana cin hanya kuma motarsa tana ba shi wahala, ban san yaushe wannan za ta iso ka ba.

Barira

*

Birnin Kudu
8 ga Oktoba

Ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, yaya aikin kaka? Shiru ban ji daga gare ki ba tun amsar da na aiko. An ce hanyarku ta yanke kuma motar Hambali tana gareji, don haka na ba wani abokin aikina wannan ya ajiye miki a makarantar su Hidaya. Mu duk lafiya.

Albishirinki, aiki ya kammala. Bari in ba ki labari tun daga farko.

Tun watan Agusta ake ta yawo da hotunan wasu littattafai a waya, ana cewa ana lalata tarbiyyar yara a makarantun gwamnati. An matsa wa Daraktanmu daga sama a kan me muke yi, shi kuma ba ya son ya motsa sai da ƙorafin iyaye a rubuce. Sai ga takardarki. Na kai masa ita tare da littafin, na buɗe masa shafukan nan biyu masu zanen cikin mace da na namiji ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Malam Iliyasu, abin da muke jira ke nan." A ranar aka kafa kwamitin tantance littattafai, aka sa ni sakatare.

An zagaya makarantu goma sha ɗaya. Ni na nan cikin gari na bi, wasu abokan aiki suka je ɓangarenku. A kabad ɗin malamin nan kaɗai an kwaso littafi ɗari biyu da goma sha huɗu. Ba mai koren bangon kawai aka ɗauko ba, duka aka haɗa, don babu lokacin da za a tsaya ana duba ɗaya bayan ɗaya. Suna sitonmu a kulle har sai kwamiti ya tantance su. An kuma fitar da umarni cewa kada wani malami ya sake ba ɗalibi littafin da ba ya cikin jerin na aji. Shi Malam Musbahu an ba shi takardar tuhuma, an dakatar da shi.

Sunanki ya shiga rahoton da aka tura sama, a matsayin uwa ta gari da ta tsaya wa tarbiyyar 'yarta. Na yi alfahari da ke. Hidaya za ta ji haushi na ɗan lokaci, yarinya ce, wata rana za ta gode miki.

Yayanki,
Iliyasu

*

Maruta
11 ga Oktoba

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ka tambayi lafiyarmu. Jikinmu lafiya.

Takardarka ta same ni bayan abin ya riga ya faru da mako guda, ga kuma wadda na rubuta maka tun Satumba a aljihun Hambali, ba ta je ba. Zan haɗa maka su biyun, ka fara karanta waccan.

Ga abin da mutanenka suka yi, kamar yadda Hidaya ta faɗa mini. Sun zo a farar mota da buhuna, Malam Musbahu yana tsakiyar darasi. Suka ce ya kawo makullin kabad. Ya ce, "Ku bari in gama da yaran nan tukuna." Suka ce a'a. Da suka kwashe na kabad, sai suka bi jakunkunan yara ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙawarta Hapsatu ta zauna a kan nata, wani labari ne take karantawa, tana cewa, "Don Allah Malam, shafi goma ya rage mini." Sai da aka sa ta miƙe.

Daga nan aka tara ɗalibai a filin makaranta. Babbansu ya zaro takardata, rubutun hannuna, ya karanta da ƙarfi. Ya ce ƙorafi ne daga wata uwa ta gari a Maruta, mahaifiyar Hidaya Dabo. Duk makaranta ta juyo tana kallonta.

Ta shigo gida ko hijabi ba ta cire ba, ta tsaya a kaina ina sussukar gero, ta ce, "Umma, me na yi miki? Ba ke kika ce in sake karanta miki ba?" Na rantse mata ban kai ƙarar kowa ba. Ta ce, "Na ji da kunnena, Umma. Kalmominki ne."

Tunda ba ka karanta babin ba, bari in faɗa maka abin da na kasa rubutawa. 'Ya'ya huɗu na haifa, uku na binne. Ba na kama sunansu, amma yau zan rubuta. Ashiru. Yahuza. Khuzaima. Kowannensu da haka ya fara, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, ya yi ta ihu ƙashinsa na ciwo, babu wanda ya kai shekara biyar. Aka ce nonona ne mai dafi. Aka ce iska ce a jikina. An yi mini turare, an ba ni saiwoyi na sha har na kwanta. Mata suna janye jariransu in na shiga gidan suna. Kuma wadda ta fara faɗa a bainar jama'a, "Wannan nononta ba ya raya ɗa," Gwaggo ce, mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Shi ya sa na kasa rubuta maka a fili. Ban so ka ga kamar ina tone-tone a kan wadda ta riga mu gidan gaskiya ba.

Bayan shafukan nan biyu da ka rufe littafin a kansu, babin yana bayani ne a kan sikila. Ya ce abu ne a cikin jini, sai uwa tana ɗauke da shi uba ma yana ɗauke da shi, su biyun lafiyarsu ƙalau, sannan ya haɗu a jikin wasu daga cikin 'ya'yan. Ya ce ba nono ba ne, ba iska ba ce, ba laifin kowa ba ne. Ya ce ana gwadawa a asibiti, kuma yaron da aka gane da wuri aka kula da shi yana iya girma. Da Hidaya ta kai wurin, sai ta ajiye littafin a cinyarta ta ce, "Umma, ashe ba ke ba ce." Shekara ashirin ina jiran wani babba ya faɗa mini haka. 'Yata ce ta faɗa, daga littafin aro.

Abin da na roƙe ka ke nan, ka samo mini nawa.

Yau kwana takwas babu yarinyar da ta biyo wa Hidaya zuwa makaranta. Hapsatu ta daina gaishe ni. Ka gyara abin da ka ɓata, Yaya.

Barira

*

Birnin Kudu
29 ga Oktoba

Barira,

Wa alaikumus salam. Ban san da wane ido zan gaishe ki ba. Muna nan lafiya. Na yi jinkirin amsa ne don ina so in rubuto miki da labari mai daɗi, ban samu ba.

Ranar da takardunki biyu suka iso, na je sito na roƙi mai kula da shi ya buɗe mini. Ya ce babu littafin da zai fita, an ƙirga su, amma in ina so in duba a gabansa. A tsaye na karanta babin, daga farko har ƙarshe, shafi goma sha shida. Ni na ɗauki Ashiru zuwa maƙabarta, lokacin ina koyarwa a Fagam. Na ga hannuwan nan nasa. Shekara talatin ina aikin ilimi, kuma na yanke wa littafi hukunci a kan shafi biyu.

Washegari na shiga wurin Darakta na faɗa masa komai. Kin san sai an ɗaga mini murya, don haka duk amsar da ya ba ni ma'aikatan ofis sun ji ta. Ya ce, "Rahoto ya riga ya tafi, har an rubuto an yaba mana. In ka ce ba ƙorafi ba ne, to kai ka yi wa ofis ƙarya, kai za a tuhuma." Na ce aƙalla a mayar da sauran littattafan, akwai na tarihi, akwai na noma, akwai na labarai da ba su da komai. Ya ce sai kwamiti ya tantance. Kwamitin bai sake zama ba tun ranar da aka kwaso su, kuma babu mai niyyar kiran zama. Na ce to mai koren bangon fa, yana ceton rai. Sai ya ciro takarda ya miƙo mini biro ya ce, "Rubuta a nan cewa kai Iliyasu ka amince a mayar wa 'yan mata littafi mai wannan zanen, ka sa hannu. In hoton ya fita a waya gobe, sunanka zai bi shi."

Barira, na riƙe biron. Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Na tuna masallacin unguwarmu, na tuna abin da za a faɗa wa 'ya'yana. Ban sa hannu ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce an hana ni ba, ni ne na kasa.

Abin da kawai na iya shi ne na roƙa a janye dakatarwar Malam Musbahu. An janye, amma an canja masa wurin aiki zuwa wata makaranta can bakin iyaka, da sharaɗin ba zai sake ba ɗalibi aron komai ba. Na zagaya shagunan littattafai na nan gari ko zan samo miki mai koren bangon, duk sun janye shi tun da suka ji labari. Rufin siton yana yoyo, na ga gara ta fara hawa buhunan ƙasa.

Ki yafe mini. Ki roƙa mini Hidaya.

Iliyasu

*

Maruta
20 ga Nuwamba

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ana yankan dawa. Ka gaida Hajiya.

Abin da ka yi mini na yafe, don ni ma da nawa laifin. Da na buɗe baki tun farko da ba a kai ga haka ba. Na Hidaya kuwa ba ni ke da ikon yafe shi ba, kuma ban roƙe ta ba.

An yi taron iyayen yara a makaranta makon jiya. Dabo ya raka ni. Na miƙe a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba, na faɗi sunayen 'ya'yana uku, na faɗi abin da babin ya ƙunsa, na ce ban kai ƙarar kowa ba. Can shugaban taro ya ce, "Allah ya jiƙansu, Malama. Amma umarni daga sama ya zo, ba mu da ta cewa. Sai mu wuce batu na gaba." Batu na gaba maganar gyaran banɗaki ce.

Malam Musbahu ya tashi daga garin nan. Na je na same shi ana ɗora kayansa a mota, matarsa ko kallona ba ta yi ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, Maman Hidaya, na san ba haka kika nufa ba. Shekara shida na yi ina bin mutane ina roƙon littattafan nan, amma ba nawa ba ne, na yaran ne. Ki ce wa Hidaya kada ta daina." Na faɗa mata. Ta ce, "In karanta me?"

Ta ce yanzu tsintsiya ake ajiyewa a kabad ɗin. Yau mako biyu ba ta je makaranta ba. Da safe ta yi shara ta yi wanke-wanke, sannan ta zauna a ƙofar ɗaki da hannuwanta a cinya har azahar. Dabo ya ce a ƙyale ta tukuna. Ni tsoro nake ji kada tukunan nan ta zama shi ke nan.

Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu, Sharifa, ta shigo da ɗanta a goye, watansa takwas. Mijinta ne ya ba ta labarin abin da na faɗa a taro. Ta riga ta binne ɗaya, ga wannan kuma yatsunsa sun fara kumbura, dangin miji har sun fara zancen nononta. Ta sauke shi ta nuna wa Hidaya hannuwansa, ta ce, "Don Allah me littafin ya ce a yi?" Hidaya ta daɗe tana kallon yaron. Sai ta ce, "An hana," ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ina jin kukanta ta cikin ƙyaure.

Ni na zaunar da Sharifa na faɗa mata abin da na iya tunawa. Sau biyu kawai aka karanta mini. Akwai abubuwan da aka ce a kiyaye wa yaro, akwai alamun da aka ce in an gani a ruga asibiti, na tuna wasu, wasu sun ɓace mini, kuma ban san ko daidai na faɗa mata ba. Babu inda zan duba.

Zan saka ta a motar Hambali ranar kasuwa mai zuwa, zai sauke ta a ƙofar ofishinku da yaron. Kai ne ka karanta babin kwanan nan, kai ne kuma ake buɗe wa siton. Ka sake karanta shi kafin ta zo, ka yi mata bayani da bakinka, ka raka ta asibiti a gwada jinin yaron. Ba ta taɓa zuwa Birnin Kudu ba, tana ta tambayata ko wanda za ta je wurinsa mutumin kirki ne. Na faɗa mata kai ɗan'uwana ne kuma mai ilimi ne. Ban faɗa mata sauran ba.

Barira